Zane Abokin Rubutu

Jawabin da aka yi wa manya masu koyon karatu da dare a Unguwar Sarki, Kaduna



Abin da ya sa na roƙi malaminku ya ba ni wannan dare, wani dattijo ne da na taɓa koya wa rubutu. Mai gadi ne, shekarunsa sun haura hamsin. Karatu bai ba shi wuya ba, cikin wata uku ya san baƙaƙe da wasula, har yana haɗa su. Amma da zarar ya kama fensir sai hannunsa ya sandare, ya danna da ƙarfi kamar mai saran itace, bakin fensir ya karye, takarda ta yage. Yaran da ke leƙe ta taga su yi ta dariya. Ran nan bayan an tashi ya tsaya, ya ce mini, "Malam, ni na gode, amma daga yau na bari. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Na iya karantawa, ya ishe ni. In an zo biyan albashi na dangwala yatsa yadda na saba."

Na ce, "Baba, ba ni mako huɗu. Cikinsu ba za ka rubuta ko harafi ɗaya ba." Ya yi mamaki, ya ce to me zai riƙa yi? Na ce zane.

Na san akwai irin wannan dattijo a cikinku yanzu, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Hannun da ya yi shekara talatin yana riƙe da fartanya, ko guduma, ko sitiyarin mota, ya saba da ƙarfi, bai saba da lallashi ba. Wannan ba laifin kai ba ne, ba kuwa tsufa ba ne. Hannu ne kawai ba a hore shi ba. Abin da zai hore shi kuwa yana nan wurinmu tun kaka da kakanni, sai dai mun saba ganinsa har mun daina kula da shi.

Ku dubi babbar rigar da ke jikin wani a nan. Waɗannan dogayen tsinaye da su ka gangaro daga wuya zuwa aljihu su a ke kira aska, shi ya sa ku kan ji an ce aska biyu, ko aska takwas. Wancan da'ira kuwa mai naɗe kanta kamar gammo, a ƙirji wajen dama da kuma a baya, ita ce tambari. Kafin allura ta taɓa rigar nan, sai da wani ya shimfiɗa ƙyallen bisa cinyarsa ko bisa allo, ya tsoma alƙalamin kara cikin tawada, ya zana komai da hannu. Sau da yawa mai zanen malami ne ko almajiri, don su su ka saba da alƙalami. Sa'an nan masu ɗinki su bi sawun tawadar da zaren tsamiya ko na auduga. Riga ɗaya mai cikakken aiki ta kan ci watanni. Kun ga ashe alƙalamin da ya rubuta karatu shi ne ya zana riga.

Haka kuma a makarantar allo. Wanda ya ga bikin saukar karatu ya san allon zayyana, wanda a kan ƙawata da ja da rawaya da kore, a bar fili a tsakiya inda za a rubuta abin da mai sauka zai karanta gaban jama'a. Malaman da ke rubuta Alƙur'ani da hannu kuma su kan sa wani ɗan ado a gefen takarda a kan kowane izu, da wurin sujada, don mai karatu ya gane inda ya ke. Ba a sa siffar mutum ko ta dabba a irin wannan aiki. Layi ne da da'ira da kusurwa, ana maimaita su, ana saƙa su cikin juna.

Amma inda zanenmu ya fi fitowa fili shi ne jikin bango. Daga nan zuwa Zariya kamar mil 50 ne. Wanda ya shiga birnin, ya dubi ƙofar fadar Sarkin Zazzau da tsofaffin zauruka. A can ne aka yi mashahurin magini Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Ginshiƙai da bakunan ginin da ya yi da ƙasa zalla, da adon da ke jikinsu, har masana gini na ƙasashen Turai sun zo sun auna su, sun rubuta littattafai a kansu. A Kano akwai Gidan Makama, a Damagaram ta ƙasar Nijar akwai tsofaffin gidajen unguwar Birni, duk da irin wannan ado.

Bari in gaya muku yadda magini ya ke yi, don akwai darasi a ciki. Ya kan yaɓa ƙasa a fuskar zaure, tun tana ɗanya ya ja layi da yatsa, ya tara ƙasa nan ya kwashe can, har adon ya taso. Wani kuwa da wuƙa ya ke yanka shi cikin yaɓen. Don kada ruwan damina ya wanke, su kan shafa makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. Akwai kuma laso, wanda a ke haɗawa da katsi na karofi, da gashin jima, da ruwan dafara. Abin lura shi ne ƙasa ba ta jiran kowa. In magini ya yi nawa ta bushe masa, in ya yi gaggawa layi ya karkace. Tilas hannunsa ya sami tafiya guda, ba sauri ba jinkiri, kuma tilas zuciyarsa ta zauna wuri ɗaya. Wannan tafiyar ita mu ke so hannunku ya koya.

Kada ku zaci masu wannan sana'a kwaikwayon na da kaɗai su ke yi. Wajen shekarun 1950 da 1960, da siminti da fenti su ka yawaita, maginan Zariya su ka riƙa sa keke, da mota, da agogo, da jirgin sama cikin adon bango, kusa da tsohon dagi. Waɗansu dattawa ba su so ba. Ni dai ina ganin ba su yi laifi ba, abin da idonsu ya gani a zamaninsu su ka zana. Abin da ya fi damuna shi ne na yanzu, da mutum zai yi gini na bulo, ya shafe shi sumul da fenti launi guda, ba abin da zai nuna gidan wane ne, ko a wace ƙasa a ke. Keken ɗinki mai aikin ado kuma ya kan gama cikin yini abin da hannu ke yi cikin wata, saboda haka samari ƙalilan ne ke zama su koyi zanen riga da alƙalami.

To, mu nan Kaduna fa? Garinmu sabo ne, sai a 1917 Turawa su ka ƙaurar da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan, don haka ba mu da tsofaffin zauruka irin na Zariya. Duk da haka ba mu rasa abin gani ba. Nan cikin unguwarmu, a kan titin Ali Akilu, akwai gidan adana kayan tarihi, wanda aka buɗe a 1975 cikin ginin da ya ke dā ofishin jam'iyyar NPC ne. Mutum nawa a cikinku su ka taɓa shiga? Na ga hannu uku. Kullum kuna wuce shi a hanyar aiki. Ku shiga ran da ku ka sami sukuni, ku dubi tukwane da ƙore da kayan fata da na saƙa, ku lura da yadda aka yi musu ado. Akwai kuma Gidan Arewa a titin Rabah, inda Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya zauna, wanda aka mai da wurin binciken tarihi a 1970. A zamanin Sardauna ne aka ɗauki dagi ya zama alamar Jihar Arewa, har ya zama in an ce dagin Arewa kowa ya san abin da a ke nufi. Kuna ganinsa a ƙofofin gidaje, da jikin motoci, da hula, da matasan fata. Dagin nan fa ba ƙarfen da a ke haƙa rami da shi ba ne, suna ne ya zo ɗaya.

Na tabbata kun ga dagi sau dubu. Amma in na ba ku takarda yanzu na ce ku zana shi, da wuya a sami biyu da za su iya. Kafin mu tashi yau za ku san asirinsa. Sai dai ba da shi a kan fara ba.

Ga yadda na fara da dattijon nan. Ka sami takarda, ko ta bayan tsohuwar kalanda ce ta isa. Ka yanka ta ƙanana, kowace kamar faɗin tafin hannunka. Dalilin ƙanƙanta ta shi ne babbar takarda fara fat tana ba mai koyo tsoro, ƙarama kuwa ka san za ka cika ta kafin barci ya ɗauke ka. Ka sa ɗigo huɗu, ɗaya kusa da kowace kusurwa, ka haɗa su da layi, ka sami gida. Ka raba gidan nan da layi biyu ko uku yadda ka ga dama, a miƙe ko a karkace, kamar ana rabon gona. Sa'an nan ka ɗauki kashi ɗaya ka cika shi da layuka a jere, kusa da kusa, kamar kunyoyi. Kada ka dubi sauran takardar. Layin da ka ke ja shi kaɗai ne aikinka, in ya ƙare ka ja na kusa da shi.

Kashi na biyu ka cika shi da aska, watau ka hau ka sauka, ka hau ka sauka, kamar haƙoran zarto, ka baƙanta ɗaya ka bar ɗaya fari. Na uku ka yi masa gidaje kamar na dara, ka sa ɗigo cikin kowane gida. In da saura ka yi tambari, ka fara daga tsakiya kana kewayawa waje, kana ƙoƙari tazarar da ke tsakanin layi da layi ta zama daidai.

Riƙon fensir kuma, kada ka shaƙe shi. Ka riƙe shi yadda ka ke riƙe carbi, ka ɗora gefen hannunka bisa takarda ya huta. In layi ya zo inda hannunka ba ya jin daɗi, juya takardar, kada ka murɗa wuyan hannu. Ka lura da numfashinka. Mai koyo ya kan riƙe numfashi sa'ad da ya ke jan layi, shi ke sa hannu rawa. Ja layin kana sakin numfashi a hankali, ka ga bambanci.

In ka yi kuskure fa? A wannan aikin na fari kada ka goge. In layi ya karkace, ja na biye da shi ya bi karkatar, na uku ma haka, sai ka ga abin ya zama kamar igiyar ruwa, wanda ya gani ya zaci da gangan ka yi. Mai zanen ƙwarya da wuƙa ko da ƙarfe mai zafi ba shi da abin gogewa, haka ya ke yi da nasa kuskuren.

Yanzu ku dubi abin da ku ka zana da idon mai karatu. Layin nan a tsaye shi ne ƙashin l da t da d. Askar nan ita ce w da k. Kewayen tambari shi ne o da a da c. Wanda ya ja layi ɗari biyu cikin nishaɗi ya riga ya yi rabin aikin rubutu, ba tare da fargabar malami zai ce bai yi daidai ba.

To, ga dagi. Wannan kam da fensir za ka fara, marar nauyi, don akwai gogewa a ciki. Ka sa ɗigo huɗu a tsakiyar takarda, biyu sama biyu ƙasa, kamar kusurwoyin ƙaramin akwati. Ka ja layi daga sama ya ratsa ɗigo biyun hagu ya gangara, ya lanƙwasa a ƙasa, ya hau ta ɗigo biyun dama, ya lanƙwasa a sama ya haɗu da mafarinsa. Ka sami dogon zobe a tsaye. Ka yi wani irinsa a kwance, ya ratsa ɗigo biyun sama, ya kewayo ta biyun ƙasa. Yanzu zobba biyu sun gicciya juna a wuri huɗu, daidai kan ɗigon nan. Sai ka zana akwati mai kusurwa huɗu, babba kaɗan, kowane gefensa ya yanke hannu ɗaya na zobban, kusurwoyinsa su faɗa a filin da ke tsakanin hannu da hannu. Kowane gefe ya haɗu da zobe sau biyu, ga takwas ke nan, a haɗa da huɗun fari, magama ta zama 12. Ka ƙirga, in ba ta kai 12 ba akwai inda ka ɓata.

Sa'an nan ka faɗaɗa kowane layi, ka ja masa ɗan'uwa a gefe, ya zama kamar igiya mai faɗi. Nan ne asirin ya ke, kuma doka ɗaya ce tak, ita ce ta masaƙa da masu tabarma: bisa, ƙarƙashi, bisa, ƙarƙashi. Ka ɗora yatsa kan zoben tsaye ka bi shi. A magama ta fari ya bi ta bisa, ta biyu ya shige ƙarƙashi, ta uku bisa, har ka kewayo. Inda ya shige ƙarƙashi ka goge layinsa, ka bar na wanda ya hau shi. Sa'an nan ka bi zoben kwance da akwatin da wannan doka, ka fara daga magamar da ka riga ka yanke wa hukunci. In ka yi daidai za ka tarar duk sun amsa, ba inda bisa biyu su ka biyo juna. In kuwa ka sami bisa biyu a jere, koma baya da yatsa, za ka ga inda hankalinka ya tafi. Da ya daidaita sai ka bi shi da biro ko tawada. Wannan shi ne ƙashin dagi, kowane gwani kuma da yadda ya ke tanƙwasa kusurwoyinsa ko ya tsinanta bakin zobban.

Na ce inda hankalinka ya tafi, to, wannan ya kawo ni ga amfani na biyu, wanda ban yi zatonsa ba sa'ad da na ba dattijon nan aiki. Bayan mako biyu ya ce mini, "Malam, abin nan naka yana da wani sirri. Da dare a bakin ƙofa tunani ke cina, kuɗin haya, da kuɗin makarantar yara, da ciwon uwargida. Amma in ina bin igiyar nan, bisa, ƙarƙashi, ba na iya tuna komai, don da na tuna sai in ɓata. In na gama sai in ji ƙirjina ya yi sanyi." Gaskiya ya faɗa. Zuciya ba ta iya riƙe ƙirga da damuwa a lokaci ɗaya. Zanen bai biya masa haya ba, bai kuwa warkar da matarsa ba, mai ciwo asibiti za a kai shi. Amma mutumin da ya sami rabin sa'a zuciyarsa ta huta ya fi iya fuskantar abin da ke gabansa, kuma ba ya shiga gida da faɗa.

Mutanen waɗansu ƙasashe ma sun gane haka. A Amurka, a farkon shekarun 2000, waɗansu mutum biyu, Rick Roberts da Maria Thomas, su ka tsara wata hanyar zane su ka sa mata suna Zentangle. Ƙaramar takarda ce mai inci 3 da rabi kowane gefe, a cika ta da ado mai maimaituwa, ba a gogewa, ana yi ne don samun natsuwa. Har malamai su ke horarwa masu koyar da ita, mutane na biya su koya. Dabarar ƙaramar takarda da na gaya muku wurinsu na ara, ba na ɓoyewa. Amma adon da za ku cika ta da shi ba sai kun aro ba, yana jikin rigunanku.

Mai tambaya zai ce, in hannu ya faɗa, me za a yi da zanen? Ku fara da littafin rubutunku, ku yi masa bango da takarda mai kauri, ku zana dagi a tsakiya, ku rubuta sunanku a ƙasa da hannunku. Mai shago ya kewaye allon sunan shagonsa da aska. Wanda matarsa ko ƙanwarsa ke ɗinkin hula ya zana mata sabon ado a takarda ta gwada. Wanda zai yi sabon yaɓe a ƙofar gida ya gwada abinsa a takarda tukuna, sa'an nan ya nuna wa magini. Abin da na fi so kuwa, kowa ya ware littafi guda, duk inda ya ga tsohon ado, a jikin ƙwarya, ko sirdi, ko kube, ko bangon wani gida a ƙauyensu da ya kusa faɗuwa, ya kwafe shi, ya tambayi tsofaffi sunansa, ya rubuta sunan da garin da shekarar a ƙarƙashi. Bangon ƙasa in an bar gyaransa damina kaɗan ke cinye shi, mai sanin sunan adon kuma in ya rasu ya tafi da shi. Ku da ku ka koyi rubutu yanzu kuna iya tsare duka biyu.

Dattijon nan dai bai bar aji ba. Ran da mako huɗu su ka cika na miƙa masa fensir na ce ya rubuta sunansa. Ya rubuta, baƙaƙen manya manya, na ƙarshen ya ɗan gangara ƙasa da layi, amma takarda ba ta yage ba. Ƙarshen watan nan da aka miƙo masa tawadar dangwale ya ce a ba shi biro.

Ga takardu nan na yanko, malam zai raba muku, kowa uku. Biyu ku cika su a gida da layi da aska da tambari, ta uku ku bar ta fara, ku zo da ita ran Laraba bayan sallar lisha, mu yi dagi tare a kan allo. Wanda ba shi da fensir ya tsaya ya gan ni kafin ya fita.